Exchange 2016 ɗinmu zai ƙare a watan Oktoba 2025: mu sayi sabuwar saba ko mu kwashe imel ɗin gaba ɗaya?

Dan_Bompai:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a amsa. Kamfanin rarraba kayan masarufi ne, ma'aikata 60 masu akwatin imel. Saba guda ɗaya ce tal, RAM giga 32, Windows Server 2016. A kanta Exchange 2016 CU23, manhajar imel ta Microsoft, yake, a kanta kuma SQL Server 2016, mai riƙe rumbun bayanan manhajar lissafin kuɗi, yake zaune. Rumbun imel ɗin fayil ɗaya ne, ya kai giga 410. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft za ta daina fitar wa Exchange 2016 da 2019 gyaran tsaro. Alhaji, mai kamfanin, yana son abu uku: kalandar da kowa zai gani a wayarsa, shiga da mataki biyu (kalmar sirri da lambar tabbatarwa), sannan saƙonninmu su daina faɗawa kwandon shara a Gmail. Sharaɗi biyu: manhajar lissafi ba za ta bar ofis ba, kuma naira Alhaji yake son gani a takardar biya, ba dala ba. Ƙarin damuwa, fayil ɗin .ldf na SQL, wato log ɗin da yake rubuta duk wani canji a ciki, ya kai giga 180 alhali .mdf, fayil ɗin ainihin bayanan, bai wuce 12 ba. Diski saura kaɗan ya cika. Ina zan fara?

Zoho_Kawai:
Wa alaikumus salam. Zoho Mail Lite, dala 1 kowane mutum a wata. Mutum 60, dala 60. Magana ta ƙare.

Injiniya_Fagge:
Malam Zoho, giga 5 ake bayarwa a wannan farashin. Raba 410 gida 60 ka gani, kusan giga 7 kowane mutum, kuma ka san ba daidai aka raba ba, akwatin Alhaji kaɗai zai iya cinye 50. Kai dai ka ji kalmar imel ka yi tsalle.

Dan_Bompai, ka ajiye maganar ƙaura tukuna, diskin nan ne zai fara kayar da kai. A SQL ka duba log_reuse_wait_desc a cikin sys.databases. Ina da yaƙinin LOG_BACKUP za ka gani. Ma'anarsa rumbun yana kan tsarin FULL amma ba a taɓa ɗaukar bakof na log ba, shi ya sa yake ta kumbura. Hanya biyu ce. Ko dai ka sa BACKUP LOG ya riƙa gudana duk minti 30 zuwa wani diski daban, ko ka mayar da rumbun SIMPLE idan kamfanin zai iya jure asarar aikin yini guda. Bayan nan ka yi DBCC SHRINKFILE a kan log ɗin sau ɗaya, ka bar shi kamar giga 4. Sau ɗaya na ce. Kada ka kunna rage girma na kai-tsaye, kuma kada ka taɓa .mdf da shi, wargaza jerin bayanan zai yi, manhajar ta koma tafiyar hawainiya. Sannan ka saka wa SQL iyakar RAM, kamar giga 8. Yadda yake zuwa daga kamfani ba shi da iyaka, duk abin da ya samu haɗiyewa yake, Exchange ma haka, kura biyu a rami ɗaya.

Hajiya_Sys:
Tunda an zo maganar diski ya cika, bari a ji abin da ya faru a wani kamfanin sayar da magunguna, don kada a maimaita. Irin tsarin nan ne sak, saba ɗaya, Exchange 2016. Shi Exchange duk saƙon da ya shigo sai ya fara rubuta shi a ƙananan fayilolin log, kowanne mega 1, kuma ba ya share su sai an kammala cikakken bakof lafiya. Su kuwa diskin USB da bakof ke zuwa kansa wani ya zare shi tun watanni, ba wanda ya duba rahoto. Log ya taru dubbai ɗari-ɗari. Alamar farko, saƙo daga waje ya daina shigowa, masu turowa suna samun 452 4.3.1, wato sabar da kanta ta rufe ƙofa saboda wuri ya yi ƙaranci. Ba a gane ba, aka ce laifin masu intanet ne. Kwana biyu rumbun ya sauka gaba ɗaya.

Yaron da ke kula da sabar, bai fi shekara da gama bautar ƙasa ba, ya shiga babban fayil ɗin log ya zaɓi duka ya goge. Duka, har da E00.log da waɗanda ba a riga an zuba cikin rumbun ba. Wuri ya samu, rumbu ya ƙi hawa. Da aka duba rumbun da umarnin eseutil /mh sai ga Dirty Shutdown, wato bai rufe lafiya ba, layin Log Required yana neman fayilolin da suka riga suka tafi. Gyara mai sauƙi na eseutil /r ba zai yiwu ba ke nan, tunda da log yake aiki. Sai ya samu wani bidiyo ya buga eseutil /p a kan fayil ɗin rumbun, wato .edb, ɗaya tilo, ba tare da ya kwafe shi gefe ba. Shi /p ba gyara yake ba yadda mutane suke zato, duk shafin da bai gane ba yanke shi yake ya yar. Ana tsakiyar aikin aka ɗauke wuta, batirin UPS kuwa ya shekara huɗu ba a canza ba, ko minti biyu bai riƙe ba.

Imel na shekara shida, takardun masu kawo kaya, shaidar biyan kuɗi, abin da aka tsira da shi sai abin da ya rage a fayilolin OST, wato kwafin imel da Outlook ke ajiyewa a kwamfutocin mutane, shi ma na shekara ɗaya ne a yawancinsu saboda haka Outlook yake ajiyewa in ba a canza ba. Aka kori yaron ranar Litinin. Abin da ke ƙona rai, sau uku ya rubuta takardar neman diski na biyu da batir, sau uku manaja ya ce a jira wata mai zuwa. Manajan yana nan har yau.

Mai_Kebul:
Innalillahi. Kullum ƙaramin ma'aikaci ne ragon layya.

Baba_NT4:
Hajiya, Allah ya saka. Amma a faɗi abin da ya kamata yaron ya yi. Ba a goge log, matsar da shi ake yi. Ka yi eseutil /mk a kan E00.chk ka ga lambar log ɗin da aka tsaya a kai wajen zubawa cikin rumbun, duk log ɗin da lambarsa ta gaza wannan ka kwashe shi zuwa wani diski. Ko giga 10 ka samu rumbun zai hau. Sannan ka gyara bakof ɗin, shi zai share sauran da kansa. In kuwa dole ta sa sai an yi /p, a kwafe .edb tukuna, bayan an gama a buɗe sabon rumbu a kwashe akwatunan can. Rumbun da aka yi wa /p ba a ci gaba da zama a cikinsa.

Sharp_Guy_Kd:
Duk wannan dogon turanci ne. A kunna circular logging kawai, wato Exchange ya riƙa share tsohon log da kansa ba jiran bakof, log ba zai sake taruwa ba har abada.

Baba_NT4:
Ɗana, kunna shi na awa ɗaya don a samu wuri daban, barinsa a kunne daban. In ka bar shi, diski ya mutu ranar Alhamis da yamma, iyakarka bakof na daren Laraba. Duk abin da ya shigo ranar Alhamis ya tafi. A saba ɗaya marar kwafi a wata na'urar, ba a yin haka.

Sharp_Guy_Kd:
Baba da girmanka, zamanin nan ya wuce ku. Ina da satifiket uku na Microsoft.

Injiniya_Fagge:
Satifiket ba ya tayar da rumbu ƙarfe biyun dare. Baba ya faɗi dalili, kai ka faɗi naka mana.

Kilawud_Abuja:
Jama'a kun bar mai tambaya a tsaye. Dan_Bompai, daga 2016 ba a hawa Exchange SE, sabon da ya gaji 2019, kai-tsaye a kan na'ura ɗaya. Wannan gatan na masu 2019 CU14 ko CU15 ne. Kai sai ka kafa sabuwar saba, ka ɗora sabon, ka kwashe akwatuna ɗaya bayan ɗaya, ka sauke tsohon. Microsoft tana ba da shawarar RAM giga 128 ga irin wannan sabar. Lasisin SE kuma ba saye ɗaya ba ne kamar da, sai da biyan shekara-shekara, na sabar da na kowane ma'aikaci. Shiga da mataki biyu kuwa sai ka ƙara kafa ADFS, manhajar tantance masu shiga, wata sabar ke nan. Ga mutum 60, wahalar ta fi ribar. Ku koma gajimare, wato sabobin Microsoft da ke intanet: Microsoft 365 Business Basic, a tsarin 2025 dala 6 kowane mutum, giga 50, kalanda da mataki biyu duk a ciki. Dala 360 a wata.

Mai_Kebul:
Dala 6 a ina? Mu takardar da aka kawo mana 7.20 ce.

Zoho_Kawai:
Ni kuma 4 na gani. Kowa da nasa farashin kamar kasuwar Kwari.

Kilawud_Abuja:
Duk gaskiya ne. Dala 4 Exchange Online Plan 1 ne, imel da kalanda kawai, babu Teams babu OneDrive. Dala 6 sai ka ɗaure kanka shekara guda. In wata-wata kake so, ana ƙara kashi 20 cikin ɗari, shi ne 7.20. A ɗora harajin VAT kashi 7.5. Masu sayarwa na cikin gida suna ba da takarda da naira, amma ka tambaye su da wane canji suke lissafi, kuma ko zai tsaya har ƙarshen shekara.

Hajiya_Sys:
Malam Kilawud, ka faɗa wa mutane kai ma sayar da lasisin kake yi. Ba laifi ba ne, amma a sani. Mai tuwo ba ya cewa miyarsa ta yi tsami.

Kilawud_Abuja:
Hajiya ban ɓoye ba, yana rubuce a bayanina. Lissafin dai lissafi ne. Saba mai jan wat 300 dare da rana kilowat-awa 216 ne a wata. A layin Band A, naira 200 da 'yan kai kowane kilowat-awa a farashin 2025, ya haura dubu 40, ba a sa na'urar sanyaya ɗaki ba, ba a sa dizal ba. Sannan a tuna Maris 2021, lokacin ɓarakar tsaron da ake kira ProxyLogon, sabobin Exchange da ke buɗe ga intanet aka riƙa shiga kamar gidan da ba ƙyaure. Wancan karon akwai gyara. Bayan Oktoba babu, sai wanda ya sayi ƙarin wa'adin tallafi.

Injiniya_Fagge:
Lissafin wutar bai shige shi ba. Mutumin ya ce SQL yana nan a ofis, sabar ba za a kashe ta ba ko imel ya tafi. A riƙa karanta tambaya. Kuma shi ma SQL Server 2016 Yulin 2026 tallafinsa zai ƙare, Windows Server 2016 kuma Janairun 2027. Gara a gaya wa Alhaji duka yanzu, kada a riƙa zuwa masa da kuka kashi-kashi.

Gwanin_Raha:
Ku gaya wa Alhaji za a kai imel ɗinsa gajimare, zai tambaya in rani ya yi ina za a same shi.

Mai_Kebul:
Wallahi akwai ofishin da mai gadi yake zare wayar UPS da dare ya sa cajin tocila. Wata uku ana neman dalilin da saba ke mutuwa ƙarfe goma.

Dan_Bompai:
Na gode ƙwarai. Injiniya, LOG_BACKUP ɗin ne kuwa, na ɗauki bakof na rage shi, giga 170 sun dawo. Hajiya, na duba namu bakof na Exchange, yau kwana 19 rabon da ya kammala, jikina har rawa yake. Amma ba wanda ya taɓa maganar Gmail. Sannan giga 410 a kan intanet ɗinmu mai mega 10 na turawa, kwana nawa ke nan?

Baba_NT4:
A takarda kusan kwana huɗu ba tsayawa, a zahiri ka sa sati biyu, tunda ma'aikata ma suna kan layin kuma can ɗin suna rage gudu. Kafin nan a zubar da akwatunan waɗanda suka bar aiki zuwa fayilolin ajiya na PST, a share manyan haɗe-haɗe, za ka ga ya ragu sosai. Mutum 60 ƙaura ta lokaci ɗaya ta ishe ka, ita ake ba wa masu ƙasa da 150 shawara. Ka fara kwafi ranar Litinin ya yi ta bi a hankali, ka rage TTL (lokacin da wasu sabobi ke riƙe tsohon bayani) na MX (bayanin da ke nuna inda za a kai imel ɗinku) zuwa minti biyar tun kwana biyu kafin, ka juya MX daren Juma'a bayan kwafin ya kammala.

Gmail kuwa, tun Fabrairun 2024 suka tsaurara. Ka duba uku: SPF, jerin sabobin da aka yarje wa tura imel da sunanku, ya ƙunshi adireshin da kuke turawa da shi, adireshin yana da PTR, bayanin da ke mayar da adireshi zuwa suna, da ya dace da sunan sabar, wannan masu ba ku intanet ne za su saka, sannan DKIM, sa hannun da ke tabbatar da saƙon daga gare ku ya fito. Exchange na cikin gida ba ya sa hannun DKIM da kansa, sai an ƙara masa wata manhaja ko a bi da saƙon ta wata ƙofa. Ka ƙara DMARC, ƙa'idar abin da za a yi da saƙon da bai cika SPF da DKIM ba, da p=none ka fara ganin rahoto. Duk a DNS, wurin da ake ajiye bayanan sunan kamfaninku na intanet, ake yin su. Wa ke riƙe da shigar DNS ɗinku?

Dan_Bompai:
To fa. Wanda ya yi mana shafin intanet a 2017 ne ya yi rajistar sunan namu na intanet. Lambarsa ba ta shiga tun bara.

Hajiya_Sys:
Shi ke nan, an zo wurin. Ba MX, ba SPF, ko tabbatar wa Microsoft cewa sunan naku ne ba za ka iya ba, tunda sai ka saka wani bayani na TXT a DNS ɗin. Wannan ɗabi'ar ta masu yin shafi ta ishe mu. A ba mutum kuɗin rajista ya sa sunansa da imel ɗinsa na kansa, ranar da aka saɓa ya riƙe kamfani a wuya. Ka duba WHOIS, shafin binciken bayanan rajistar suna, yanzu ka ga ranar da zai ƙare da kamfanin da aka yi rajistar a wurinsa. In .com.ng ne, ka je wa mai rajistar da takardar CAC da wasiƙa mai hatimin kamfani, in ya ƙi akwai NiRA, mai kula da sunayen .ng, a sama da shi. In .com ne kuma mai rajistar yana waje, sai haƙuri da doguwar wasiƙa.

Sharp_Guy_Kd:
A yi adalci dai. Wasu masu kamfanin shekara uku ba sa biyan kuɗin sabuntawa, mai shafin ne ke cirewa daga aljihunsa. In ya riƙe, bashinsa yake bi.

Mai_Kebul:
Bashin dubu goma sai a riƙe sunan kamfani? Ai ko ɗan dako ba ya tafiya da buhu don ba a cika masa ɗari biyu ba.

Sharp_Guy_Kd:
Kai ba ka taɓa bin Alhazan kasuwa kuɗin aiki ba, shi ya sa.

Dan_Bompai:
Na duba. .com ne, kuma ranar 3 ga watan gobe zai ƙare. Akwai wanda ya san ko mutum zai iya biyan kuɗin sabuntawa ba tare da ya shiga asusun mai shi ba?