'Yata mai shekara 15 ta canja gaba ɗaya, don Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yarinyata ce, mai surutu da son karatu, amma 'yan watannin nan ta zama wata daban. Daga makaranta sai ɗaki, ta ja ƙofa. Abinci sai an yi da gaske take taɓawa, dare ya raba idonta biyu, da safe kuma tashinta sai an sha fama. Abu kaɗan za a faɗa mata ta hau faɗa ko ta fashe da kuka, har ƙannenta sun fara gudunta. Sakamakon jarrabawarta ya yi ƙasa sosai. Kwanan nan na ji tana ce wa yayarta wai ita ba ta da amfani, gara ma da ba a haife ta ba. Babanta ya ce shagwaɓa ce da rigimar balaga, a ƙwace wayarta za ta dawo hanya. Ni kam hankalina bai kwanta ba. Ciwo ne ko ƙuruciya? In ciwo ne, ta ina zan fara?

Wani uba: Wa'alaikumus salam. Hajiya, maigidanki yana da gaskiya a batun waya. Masu shekarunta suna buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 kowane dare, yaron da ya kwana yana latse-latse kuwa dole ya wuni da zafin rai. Ku riƙa karɓar wayar da daddare ku gani.

Ma'aikaciyar jinya: 'Yar'uwa, a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa nake aiki, kuma zan fara da maganar da ta yi wa yayarta, don ita ce ba ta jira. Ki samu lokacin da kuke ku biyu, ki tambaye ta a fili, da sanyin murya: kin taɓa tunanin kashe kanki? Na san furta wannan yana da nauyi a bakin uwa. Iyaye da yawa suna tsoron kada tambayar ta saka wa yaro tunanin da ba shi da shi, alhali bincike ya nuna ba haka ba ne. Sau da yawa ma sauƙi yaron yake ji, don an buɗe masa ƙofar magana. In ta ce e, ko ta ce ta san yadda za ta yi, ko kika ga yanka a hannunta, asibiti za ku tafi a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Tun yau ki kulle magungunan gida, da maganin ƙwari da na ɓera.

Abin da kika lissafa ya yi kama da ciwon damuwa, ko da yake likita ne zai tabbatar bayan ya gan ta. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne alamomin su kai aƙalla sati 2, kusan kullum, har su taɓa karatu da zaman gida. Rigimar balaga tana zuwa ta wuce, yaro ya yi fushi da safe da yamma yana dariya da abokai. Wadda ta daina jin daɗin duk abin da take so a da, wata da watanni, lamarinta daban ne. Abin da yake ruɗa iyaye shi ne, a wajen matasa ciwon yakan fito da saurin fushi maimakon baƙin cikin da aka saba gani ga manya, sai a ɗauka rashin kunya ce a yi ta yi musu faɗa.

Kuma ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa 1 cikin 7 na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, damuwa da fargaba suna cikin waɗanda suka fi yawa. Ki roƙi likita ya duba jininta ma, don ƙarancin jini da matsalar ƙwayar maƙogwaro, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo, suna kawo kasala mai kama da wannan.

Wani malamin sakandare: Hajiya, ki leƙa makarantarsu ki yi magana da malamin ajinsu. Mu muna ganin abin da gida ba sa gani: wa ta daina zama da shi, ko ana tsangwamarta, ko an yaɗa wani abu a kanta a waya. Akwai kuma ciwon fargaba, wanda yakan tafi tare da damuwa. Za ka ga ɗaliba kullum ciwon ciki ko ciwon kai da safe, a je asibiti ba a ga komai ba. Wata zuciyarta ta riƙa bugawa, numfashi ya sarƙe, ta yi zaton mutuwa za ta yi, bayan 'yan mintuna ya lafa. Ba ƙarya suke yi ba, jikin ne yake ɗaukar abin da baki ya kasa faɗa.

Wata ɗaliba: Mama, ni na shiga irin wannan halin ina sakandare, kuma da girmamawa ban yarda a ƙwace wayar gaba ɗaya ba. Wataƙila ƙawar da take iya gaya wa damuwarta a can take. A sa doka ta dare, amma a yi shawara da ita. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne a ce me na rasa, ko a ce in dubi 'ya'yan wasu. Na riga na ɗauki kaina a matsayin nauyi ga kowa, wannan maganar ƙara tabbatar mini take yi. Ranar da mahaifiyata ta zauna ta saurare ni ba ta katse ni ba, ranar na yarda muka je asibiti.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tsorona ɗaya, kada a ɗora ta kan ƙwayoyin da ba za ta iya rabuwa da su ba. Babanta kuma da ya ji likitan ƙwaƙwalwa zai ce 'yarsa ba mahaukaciya ba ce.

Ma'aikaciyar jinya: Ga matasa ba da ƙwaya ake farawa ba, sai in ciwon ya yi tsanani. Ana fara zama ne da masanin halayyar ɗan'adam, ya koya mata gane tunanin da yake danne ta da yadda za ta sauya shi, ta koma harkokinta a hankali. In an kai ga magani, wanda aka fi ba masu shekarunta shi ne fluoxetine. Ba ya sa maye, yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, ana sa ido sosai a makonnin farko don wasu tunanin cutar da kai yakan ƙaru musu a lokacin, kuma ba a yanke shi rana ɗaya sai da umarnin likita.

Shi kuma Alhaji, kada ki ja da shi a kan sunan ciwon. Ki faɗa masa abin da shi ma yake gani: ba ta ci, ba ta barci, karatu ya lalace. Ku fara da likitan da kuka saba gani, ku tafi tare ya ji bayani da kunnensa. In an shiga, ku ba ta 'yan mintuna ita da likita su kaɗai, don akwai abin da ba za ta iya faɗa a gabanku ba.