Neman shawara: da wane littafin tarihin rayuwa zan fara a Sifaniyanci?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Karatuna na Sifaniyanci ya kai inda nake fahimtar jarida ba tare da yawan duba ƙamus ba, kuma ina son in shiga littattafan da marubuta suka ba da labarin rayuwarsu. Biyu ne a hannuna: Vivir para contarla na Gabriel García Márquez da Confieso que he vivido na Pablo Neruda. Da wanne ya dace in fara, kuma yaya zan ɗauki abin da mutum ya faɗa game da kansa?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni dai na Márquez zan ce ki fara da shi, duk da kaurinsa. Ya fito a 2002, kuma ya buɗe da tafiyar da ya yi da mahaifiyarsa zuwa Aracataca, garin haihuwarsa a Kolombiya, domin sayar da gidan kakanninsa, inda za ki ga tushen yawancin ƙagaggun labaransa. Sai dai jimlolinsa dogaye ne, sunayen 'yan jarida da mawaƙan Kolombiya kuma sun yi yawa, don haka kada ki tsaya binciken kowane suna. Labarin ya tsaya a 1955 da tafiyarsa Turai, kuma har ya rasu a 2014 ci gaban bai fito ba.

Amsa ta biyu:
Malam, ka yi haƙuri, ina ganin wannan ya yi wa mai koyo nauyi. 'Yar'uwa, ki nemi El olvido que seremos na Héctor Abad Faciolince, wanda ya fito a 2006. Babobinsa gajeru ne, harshensa a sarari yake, kuma labarin mahaifinsa ne, likitan da ya tsaya wa lafiyar talakawa da haƙƙin ɗan Adam har aka harbe shi a Medellín a 1987. Ban taɓa karanta ɗa ya bayyana ƙaunar uba kamar haka ba. Na Neruda ki bar shi zuwa gaba. An buga shi a 1974, bayan rasuwarsa, kuma a cikinsa akwai wurin da ya ba da labarin yadda ya yi wa wata ma'aikaciya fyaɗe a Silon (Sri Lanka ta yau), abin da ya sa mutane da dama a ƙasarsa Chile suka sake duba matsayinsa. Gara ki san da haka tun kafin ki buɗe.

Amsa ta uku:
A kan tambayarki ta biyu, Malama, ki duba labarin Rigoberta Menchú ta Guatemala. Ita ta yi bayani da baki, Elizabeth Burgos ta tsara shi, ya fito a 1983, kamar dai yadda Baba ta Karo, wata dattijuwa Bahaushiya, ta ba Baturiya Mary Smith labarinta. A 1999 wani masani, David Stoll, ya nuna cewa wasu abubuwan da ta ce ta gani da idonta ba haka suka faru ba, amma kisan gillar da sojoji suka yi wa al'ummar Maya, 'yan asalin ƙasar, tabbatacce ne, kuma 'yan gidansu na cikin waɗanda aka kashe. Saboda haka duk wanda kika ɗauka, ki ajiye littafin tarihin ƙasar a gefe, ki riƙa gwada shekaru da manyan al'amura.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da na Abad, sannan na Márquez. Ko akwai wanda ya san inda ake samun na Abad a intanet da farashi mai sauƙi?