Kwalin Newswatch na Baba

Ɗan Rafindadi:
Jiya ina gyaran ɗakin marigayi Baba na ci karo da kwali cike da tsofaffin mujallu, gara ta ci gefen wasu. Zama na yi a ƙasa ina buɗawa har aka kira la'asar. Ga abin da ya zo mini, mai baiti ya ɗora.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba bawa basirar tunawa.

Kwalin Baba na buɗe da hantsi,
Ƙura na tashi, hawaye na zubowa.

Newswatch ce jere, shekara bisa shekara,
Ya sa hannu a kowacce, gudun masu ɗaukewa.

Janairun 1985 ta fara fita,
Daga Legas, mako-mako take zuwa.

Dele Giwa ne babban editanta,
Da Ray Ekpu, gwanin tsara rubutu da gogewa.

Da Yakubu Mohammed, su ukun nan,
Jaridar Concord ta Abiola suka baro da ficewa.

Na huɗu Dan Agbese, ya riƙe New Nigerian,
A Kaduna ya yi aiki kafin haɗuwa.

Malam Na-Daura:
Allah ya jiƙan Babanka, ɗana. Ka taɓo mini tsohon miki.

Ina koyarwa a Daura lokacin,
Albashi kaɗan, ga ƙishin karantawa.

Ran Lahadi, 19 ga Oktoba,
1986, ranar ba ta mantuwa.

Aka kai wa Dele ƙunshi gidansa a Ikeja,
Yana karin kumallo, ajali na isowa.

Ya ɗora a cinya zai buɗe saƙo,
Ashe bam ne a ciki, jiran taɓawa.

Shekarunsa 39 kacal a duniya,
Bishiya tana tsaka da 'ya'ya aka zo sarewa.

Washegari a ɗakin malamai mun yi jugum,
Alli a hannu, ba mai ƙarfin koyarwa.

Lauya Gani Fawehinmi ya sha zarya a kotuna,
Har yau ba a hukunta kowa da laifin kashewa.

'Yar Ƙofar Sauri:
Malam, a yi mini afuwa, zan sauya amsa-amo.

Giwa ta faɗi, garken bai watse ba,
Ray Ekpu ya hau kujerar, bai ja da baya ba.

Afrilun 1987, shekarar da aka ba mu jihar Katsina,
Suka buga rahoton da soja bai saki ba.

Na kwamitin Cookey kan makomar siyasa,
Gwamnatin Babangida ba ta ji daɗi ba.

Aka garƙame ofis, aka yanke wata shida,
Suka dawo, alƙalamin bai dakushe ba.

Amma Malam, da ku da Yaya ina da ƙorafi,
Kun yabi ta Legas, ba ku tuna ta gida ba.

Mujallar Citizen fa, ta Kaduna, ta 1990,
Mohammed Haruna ya ja ta, ba ku ambata ba.

Da Hajiya Bilkisu Yusuf, uwa a aikin jarida,
Ta tafi Hajji a 2015, daga Mina ba ta dawo ba.

Me ya tsayar da mujallar tun da ƙuruciya?
Ku da kuka ga zamanin, ba ku faɗa mana ba.

Malam Na-Daura:
Allah ya jiƙan Hajiya. Kin yi gaskiya 'yata, kuma da hannunmu a ciki.

Talla tana Legas, can kamfanoni suke,
Mujallar da ba talla, ba za ta yi nisa ba.

Takarda daga waje, Naira na ta faɗuwa,
Kuɗin bugu bai tsaya wuri ɗaya ba.

Mu kuma kwafi ɗaya ke zagaya makaranta,
Sai bango ya yage, bai kai kan na ƙarshe ba.

Ko mu tsaya cirko-cirko gaban mai jarida,
Mu karance mu ajiye, ko sisi ba mu ba shi ba.

Ni kaina na yi, ina faɗa da nadama,
Na so Citizen, ban saye ta sau goma ba.

Autan Ƙofar Ƙaura:
Iyayena, ni a waya na tashi na ga labarai.

Kafin a kira magariba labari ya iso ni,
Jiran mako guda, ban ga amfaninsa ba.

Wai me edita ke yi da har ake yi masa waƙa?
Ku warware mini, ban fahimta ba.

Ɗan Rafindadi:
Auta, tambayarka tana kan hanya. Bari in koma amsa-amona.

Wakili ya kawo labari da zafinsa,
Edita ya ce a tsaya, sai an tabbatar ake bugawa.

Ya ce wa ya faɗa maka? Ina takardar?
Koma wurin wanda ake zargi, ka ji tasa kafin rufewa.

Shi ke zaɓen abin da zai hau bango,
Shi ke jan layi kan abin da ba ya tsayuwa.

Sunansa na nan a shafin farko,
In soja sun zo, shi suke fara ɗaukewa.

Wanda ya turo maka saƙon da ka gani ɗazu,
In ƙarya ce, wa za ka je kana tuhumawa?

A ɗakin Newswatch wasu suka yi wayo,
A 1991 suka kafa mujallar Tell bayan ficewa.

A 2011 attajiri Jimoh Ibrahim ya sayi kashi 51 na Newswatch,
Da shi da tsofaffin masu ita sai a kotu ake haɗuwa.

Ni dai na kakkaɓe kwalin, na sa maganin gara,
Na ɗora kan durowa inda ruwa ba ya taɓawa.

Malam Na-Daura:
Ɗana, duba mini ko akwai ta makon da ya biyo bayan rasuwar Dele. Tawa wani ya ara tun ina Daura, bai dawo da ita ba. Ranar Juma'a zan shigo Katsina, in akwai zan biyo bayan masallaci in karanta a zaure.

Ɗan Rafindadi:
Tana nan Malam, gefe ɗaya kawai gara ta taɓa. Auta, kai ma ka zo.