Nimoniya ta shiga gida: ya kuka yi da yara?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum. An sallamo surukata daga asibiti bayan jinyar nimoniya (ciwon huhu), tana gidanmu tana ƙarasa shan magani. Ina da jaririya 'yar wata uku da yayyenta biyu, ɗakunan kwana biyu kacal gare mu. Waɗanda suka taɓa wannan jinya a gida, don Allah ya kuka yi da yara?

Hajiya Ladi: Wa alaikumus salam 'yata, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Bara da hunturu maigidana ya yi ta. Likita ya ce mana ƙwayar cutar a tari da atishawa take fitowa, ta bi iskar ɗaki, ko ta maƙale a hannu da bakin kofi. Sai muka ware masa kofinsa da cokalinsa, muka aje gwangwani mai murfi kusa da gado don kaki, duk wanda ya fito daga ɗakin ya wanke hannu da sabulu. Da rana taga a buɗe, ko yana mita. Mafi wahala hana jikoki hawa gadonsa. Ke kam suruka ce, kada ki ce mata da bakinki ta daina ɗaukar jaririya, za a ce kina ƙyamarta. Ki sa ɗanta ya faɗa mata, ya ce umarnin likita ne.

Abban Khadija: Ni dai na taso ina jin ruwan sanyi da kwana a ƙarƙashin fanka ke kawo ta. In haka ne, ina ruwan yara da ciwon kakarsu?

Anti Nas: Malam, ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, bakteriya ko bairos. Hunturu na taimaka musu ne saboda ƙura, ga mutane cunkushe a ɗaki an toshe ko'ina. Sau da yawa a wurin aiki uwa za ta ce babu mai nimoniya a gidan, in ka bincika sai ka tarar yayan jaririn ya kwaso mura daga makaranta. Shi ta tsaya masa a hanci, ƙaramin ta sauka masa huhu.

Maman Sadiq, ƙanwata, duba katin rigakafin jaririyarki yau. Allurar PCV (ta rigakafin nimoniya) da Penta (ta rigakafin cututtuka biyar a haɗe) sau uku ake yi, a sati 6, 10 da 14, kin ga ta ukun ta kusa. Nono zalla har wata shida, kada a fara ba ta ruwa. Sannan ki koyi ƙirga numfashi: idan tana kwance ba ta kuka, ɗaga rigarta ki ƙirga ɗagawar ƙirji na minti ɗaya cur. Daga wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye ya yi sauri. Shekara 1 zuwa 5 kuma 40. Idan ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa ciki lokacin jan numfashi, ko ta ƙi kama nono, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne. Ban da tsayawa a kemis.

Uwar Biyu: Mu hayaƙi ne ya ja mana. Da sanyi muna shigar da kaskon gawayi ɗaki mu rufe ƙofa, girki kuma da itace, yaron yana goye a bayana. Da ya kwanta aka yi ta tambayata inda nake girki. Yanzu murhu yana tsakar gida, in zan hura wuta sai in miƙa shi wa yayarsa. Turaren wuta ma na daina sawa a ɗakin da yake kwana, duk da tsegumin 'yan barka.

Baban Walid: Allah Ya ƙara sauƙi. Mahaifinmu da ya ji dama-dama sai ya ɓoye sauran maganin a ƙarƙashin filo, ciwon ya dawo ya fi na farko. Ki sa ido Hajiya ta shanye nata duka. In kuma tarin ya wuce sati biyu, ga zufa da dare ga rama, ku koma a gwada kakinta saboda tarin fuka. Gwajin kyauta ne a asibitocin gwamnati.