Me muka fi ba daraja a Zangon Kumasi, a Ghana? Kowa ya faɗi abin da yake gani a wajen aikinsa

Sakataren unguwa, Aboabo:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. In ka tambayi mutumin Zango abin da ya fi daraja a rayuwa, amsar a bakinsa take: imani, lafiya, 'ya'ya, zumunci. Duk gaskiya ne. Amma ku da jama'a ke zuwa wurinku ranar da abu ya ɓaci, me kuke ganin mutum ya fi fafutukar cetowa, kuma wane mataki ne da an ɗauka da wuri da ba a kai ga nan ba? Don Allah a yi mana dalla-dalla.

Nas, Asawase:
Wa alaikumus salam. A wurinmu, mutum zai sayar da kanti da mota don ya iya tashi da ƙafarsa ya kewaya ba tare da an riƙe shi ba. Dattijo na jure ciwo, amma ba ya jure 'yarsa ko surukarsa ta gan shi a halin da bai so. Babban abin da ke kai mutanenmu ga wannan hali shi ne shanyewar ɓarin jiki, ita kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo ta.

Awon jini na da ƙa'ida. A zauna minti 5 a jingina baya, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Kada a ci goro, kada a sha kofi ko taba minti 30 kafin awo. A auna sau biyu, a bar minti ɗaya tsakani. Mai kaurin damtse ya nemi babban maɗauri, don ƙarami yana ɗaga lamba. In an samu 140/90 ko sama a ranaku daban-daban, a tafi asibiti. Inda aka fi faɗuwa shi ne bayan an fara magani: lamba ta sauka, sai mutum ya ce ya warke ya ajiye ƙwaya, alhali ƙwayar ce ta sauke ta. Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi, kuma da dunƙulen miya da kifin gishiri irin su kobi da momoni, da yajin shito, duk a cikin lissafin suke.

A duba katin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa, yau ta *929#. In ya mutu ya daɗe, bayan sabuntawa sai an jira wata guda kafin ya yi aiki, ciwo kuwa ba ya jira. Masu shekara 70 zuwa sama, da yara ƙasa da 18, da masu juna biyu an ɗauke musu kuɗin inshorar, amma sabunta katin na nan a kansu. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a kira 112 ko a nufi asibiti kai tsaye. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, don haɗiya ta riga ta lalace, huhu zai tafi.

Uwar adashi, Alabar:
Allah ya saka, 'yata. Ni abin da nake gani wajen mata rufin asiri ne. Mace za ta kwana da gari da ruwa, amma ba za ta yarda ranar suna ko auren 'yarta ta fita roƙo ba. Don wannan ake zubi.

Adashi mai lafiya, mutum 10 zuwa 12 ya isa. Misali mutum 10, kowa sidi 200 a mako, ɗauka 2,000, a gama cikin mako 10. Kada a ja shi ya haura shekara. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, wadda ta yi ɗaukar ƙarshe a wancan lokaci ta karɓi kuɗinta cif, amma ba su sayi kayan da ta farko ta saya ba. Sabuwar shiga ba ta ɗauka da wuri sai wata tsohuwar 'yar adashi ta tsaya mata. Littafi biyu ake yi, ɗaya wajen uwar adashi, ɗaya wajen wata daban, kuma kada a bar su duka a shago, gobarar kasuwar Kejetia ta 2023 ta ishe mu darasi. Mai turowa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ta haɗa da kuɗin cirewa. A kuma faɗa tun ranar farko me za a yi in wata ta rasu bayan ta ɗauka, don bashi ne a kanta, daga abin da ta bari za a biya.

Duk wanda ya zo da alkawarin riba mai yawa kowane wata, a tuna a 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin kamfanonin ba da ƙananan rance 347 a rana ɗaya.

Magini, Sawaba:
Hajiya ta yi gaskiya, amma maza da yawa asirinsu a gida yake. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata 6 gaba, amma kowa ya san shekara biyu ake nema. Shi ya sa mutum ke ɗokin fili, ɗokin kuma shi ke jefa shi hannun 'yan damfara.

Yawancin filayen Kumasi na kujerar sarauta ne. Ba sayen har abada kake yi ba, hayar dogon zango ce, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa a filin zama, baƙo kuma ba ya wuce 50. Takardar alokeshan, wato shaidar ba ka filin da sarkin yanki ya rubuta maka, mafari ce kawai. Kafin ka biya kuɗi mai nauyi, ɗauki safiyo mai lasisi ya zana taswirar filin a kan idonka, kai ta Hukumar Filaye a bincika ko akwai sunan wani a kai, sannan a bi ta ofishin filaye na Asantehene, Sarkin Asante, har a kai ga takardar haya da rajista. Karanta alokeshan ɗin da kyau, yawanci akwai sharaɗin fara gini cikin wani wa'adi, in ya wuce sarki na iya karɓe filin. Harajin ƙasa na shekara-shekara a riƙa biya ana adana rasit. Kuma ka je ka ga filin a watan Yuni bayan ruwan sama, kada ka tsaya ga ganin rani.

Wajen bulo, buhun siminti mai kilo 50 kada ya wuce bulo 30 zuwa 35 na inci 5. Masu sayarwa na miƙe shi fiye da haka. Ka kankare gefensa da ɗan makulli, in yashi na zubowa kamar garin kwaki, bar musu kayansu. Kankare kuma a shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7.

Malamin rabon gado, Akwatia Line:
Duk abin da kuka lissafa, a gabanmu yake ƙarewa. Abin da nake ji daga bakin masu jinya da suka ga alamar tafiya abu biyu ne: kada in tafi da haƙƙin wani, kuma kada 'ya'yana su rabu a kan abin da na bari. Abin takaici, kaɗan ne ke rubuta ko da layi ɗaya a kan haka.

Tsarin Shari'a a bayyane yake. A fara da kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, har da sadakin da ba a gama biya ba, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba kuma ba ga magaji ba, sannan rabo kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176. Ga misali. Mutum ya bar sidi 250,000, jana'iza da bashi sun ci 10,000, saura 240,000. Ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, mahaifinsa ya riga shi rasuwa. Mata na da tumuni, 30,000. Mahaifiya na da sudusi, 40,000. Ragowar 170,000 a kasa biyar, kowane kaso 34,000: kowane namiji 68,000, mace 34,000. In matan biyu ne, tumunin nan ɗaya za su raba, 15,000 kowacce. 'Yan'uwan mamaci ba su da komai a nan, 'ya'ya maza sun shamakance su, kuma wannan ne wurin da baffanni suka fi tayar da ƙura.

Ga abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba. In mutum ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, magana kuma ta kai kotu, dokar gado ta gwamnatin soja ta PNDC mai lamba 111 ta 1985 ce za ta yi aiki, ba ta duba addini. A cikinta mata da 'ya'ya ke da kayan gida da gida ɗaya, ragowar kuma mata 3/16, 'ya'ya 9/16 ba bambancin namiji da mace, iyaye 1/8, dangi 1/8 bisa al'ada. Magaji ɗaya kacal in bai gamsu da rabon malam ba, ya isa ya kai kowa can. Wanda ke son a raba dukiyarsa bisa Shari'a ya je wajen lauya ya rubuta hakan ƙarƙashin dokar wasiyya ta 1971. Ya sa hannu a gaban shaidu biyu suna tare a lokaci ɗaya, kuma kada shaidun su kasance cikin masu cin gado. In ba ya karatun Turanci, dole a karanta masa a fassara, wanda ya fassara ya rubuta cewa ya yi hakan. Ana iya ajiye takardar a Babbar Kotu. Korar matar mamaci ko 'ya'yansa daga gida kafin rabo kuwa laifi ne a doka, balle a wurin Allah.

Dattijo, Sabon Zango:
Malam, Allah ya ƙara sani. Amma ni raina bai kwanta da yawan takardun nan ba. Iyayenmu sun kawo shanu daga Arewa sun koma da goro, an yi cinikin dukiya mai yawa da baki kawai. Abin da ya fi daraja amana ce da zumunci. Yau in ka ce wa ƙaninka ya sa hannu a kan bashi, sai ya ga ka mai da shi bare.

Malamin rabon gado, Akwatia Line:
Baba, Allah ya ja kwana. Ba mu saɓa ba. Sai dai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ga Sahabbai aka fara karanta ta. Ku da ƙaninku kun yarda da juna, amma 'ya'yanku ne za su zauna bayan babu ku, kowa da abin da uwarsa ta faɗa masa. Littafin makaranta ɗaya ya isa: suna, adadi, rana, shaidu biyu, a rubuta wanda ake binka da wanda kake bi.

Malamar Islamiyya, Tafo:
Ni wajen iyaye mata, ɗa ya tashi da karatu biyu shi ne komai. Ƙaramin abu ɗaya ke wahalar da yaranmu: rubutun suna. Takardar haihuwa ta ce Mohammed, makaranta ta rubuta Muhammed, katin ɗan ƙasa na Ghana Card ya zo da Mahamadu, ko a juya sunan uba ya koma gaba. Ba a ganin illar sai wajen rajistar BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ko neman jami'a, ko fasfo na aikin Hajji, a lokacin sai an yi rantsuwar kotu, wani lokaci har da buga sanarwa a gazet, jaridar gwamnati. Rajistar haihuwa kyauta ce kafin yaro ya cika wata 12. Ranar suna uba ya rubuta sunan da haruffan boko a takarda, a bi wannan rubutun a ko'ina har abada. Tun Satumbar 2017 babu kuɗin makaranta a sakandaren gwamnati, don haka kada a cire yarinya daga aji saboda talla. Takardun gida duka a sa su a leda mai kauri a ɗora sama, kada a bar su a ƙasan adaka inda ruwa da gara ke fara isa, a kuma ɗauki hotonsu a waya a tura wa wani amintacce.

Matashi, Asokore Mampong:
Malam, tambaya. Gidan gado mai ɗaki 12, magada sun fi ɗakunan yawa, wasu na ciki, wasu na Turai, kuma ba wanda ke so a sayar da gidan mahaifi. Yaya ake yi?

Malamin rabon gado, Akwatia Line:
Ɗana, kada a raba da ƙirgen ɗaki, don shagon da ke bakin titi ba ɗaya yake da ɗakin bayan gida ba. A kawo mai ƙiyasta kadara wanda kowa ya amince da shi, ya yi wa gidan kuɗi gaba ɗaya, ya kuma yi wa kowane ɗaki kuɗin haya. A fitar da kason kowa a lissafi. Daga nan hanya biyu ce. Ko mai hali ya sayi kason wanda ke son fita, a rubuta, a sa shaidu. Ko gidan ya zauna na kowa, a naɗa mutum biyu masu karɓar haya, a ware wani abu don gyaran rufi da masai da harajin ƙasa, ragowar a raba duk shekara bisa kaso. Magajin da ke zaune a ciki ana lissafa hayar ɗakinsa a cikin rabonsa, in ta zarce kasonsa ya cika. Na waje su aiko da takardar wakilci ga wanda zai sa hannu a madadinsu. A yi wannan tun magadan farko na raye, don da zarar ɗaya ya rasu, kasonsa ma sai an sake raba shi tsakanin matarsa da 'ya'yansa, masu hannu a gidan su ninka.