Bai suma ba, amma ya manta ragar da muke ci: me za mu kira wannan da Hausa?

Kocin yara, Aboabo:
Salamu alaikum jama'ar zango. Kalma nake nema. Ranar Asabar a filin sakora yarana biyu suka gwara kai wajen tsallen kwana. Ɗaya ya miƙe da kansa ya ci gaba da gudu, can sai ga shi a bakin layi yana tambayata wace raga muke ci. Na cire shi. Likita ya ce abin da Bature ke kira concussion ne. Da na je gidansu bakina ya maƙale. Na ce wa mahaifiyarsa ya bugu a ka, ta laluba ta ce ba jini, ba ƙulu, ta shafa masa man zafi. Me zan ce mata ta gane cewa kada ya taɓa ƙwallo gobe?

Wani daga Asawase:
Koci, ai suma ce. Ko ka ce hajijiya.

Anti nas:
A'a ƙanena, sumar nan ce ke yaudararmu. Yawancin waɗanda abin ke samu ba sa suma ko kaɗan. Ku tuna Christoph Kramer na Jamus a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014: ya bugu, ya ci gaba da wasa kusan kwata, har ya tambayi alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshen. Hajijiya kuwa alama ɗaya ce cikin alamu, tare da ciwon kai, mantuwa, tashin zuciya da ƙin haske. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune a ƙoƙon kai. In kai ya fizgu da ƙarfi, ko da a kafaɗa aka bangaje mutum, sai ta kaɗu aikinta ya rikice. Hoton sikan ma yawanci ba ya nuna komai.

Wani daga Asawase:
To taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Kocin yara:
Subhanallahi, so kake Hajiya ta biyo ni da muciya? Taɓi da motsi duk hauka suke nufi a kunnen Bahaushe. Buguwa ma na gwada a raina, amma a Aboabo ka ce yaro ya bugu, sai a fara tambayar wa ya ba shi. Jijjigar ƙwaƙwalwa fa, Anti?

Anti nas:
Ka bar mana jijjiga. Da ita muke kiran wadda zazzaɓi ke sa yara da ta masu ciki. In ka haɗa su, ranar da yaro ya yi jijjiga ta gaske bayan bugu, ba mu da kalmar da za mu firgita uwa da ita.

Malam, Sabon Zango:
'Ya'yana, ku ba tsoho wuri. Larabawa irtijajul mukhkhi suke cewa, tushensa ɗaya da ayar Suratul Waƙi'a, iza rujjatil ardu rajja, wadda a tafsiri muke cewa idan aka girgiza ƙasa girgizawa. Ku ce girgizar ƙwaƙwalwa. Bayan girgizar ƙasa gini kan kasance a tsaye, amma mai hankali ba ya mai da iyalinsa ciki sai an duba.

Anti nas:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ta zauna. Kalmar Turancin ma daga Latin ta fito, ma'anarta girgizawa da ƙarfi. Koci, ga abin da za ka ɗora mata a kai. Kwana ɗaya zuwa biyu ya huta, ya rage waya da talabijin, amma ba a kulle shi a ɗaki mai duhu ba. Daga nan tafiya a hankali. Masana da suka taru a Amsterdam a 2022 sun tsaya kan matakai 6 kafin komawa gasa, kowane mataki aƙalla awa 24, kuma ba ya shiga atisayen da ake karo sai likita ya yarda. Makaranta tukuna, sannan fili. Yara na iya kai mako 4 kafin su warware. Amma in ya yi ta amai, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko barci ya danne shi ba ya tasuwa, ko hannu ko ƙafa ya saki, kada a jira gari ya waye, a wuce asibitin Komfo Anokye.

Wani daga Asawase:
Na yarda, amma ta yi tsawo. Wa zai tsaya yana kwala girgizar ƙwaƙwalwa ana tsakiyar gala? Tun Yulin 2024 ma dokar ƙwallo ta ba gasanni damar ƙarin canjin ɗan wasa saboda wannan, ya kamata mu sami abin faɗa wa alƙali da sauri.

Kocin yara:
A fili sai mu ce ya girgizu, a fito da shi. Yanzu na dawo daga gidansu. Da na ce girgizar ƙwaƙwalwa, na kawo misalin Malam na gini, Hajiya ta yi salati ta tashi ta kulle takalman ƙwallonsa a akwatinta. Yaron ko gaishe ni bai yi ba.