Masu aikin daji da kwamfuta: wace ce ta jure muku ƙura da rana?

Mai Burtsatse (Damaturu):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aikina binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa kafin a haƙa burtsatse, yawanci a ƙauyukan Yobe da Jigawa. Kwamfutocin ofis ba sa yi mini ƙarko. Da hunturu ya shigo ƙura ta cika fanka, injin ya riƙa zafi yana kashe kansa, ga hanyoyinmu da girgizar mota. Ina tara kuɗi in sayi irin mai sulken nan, su Toughbook ko Getac ko Dell Rugged, amma ta hannu, don sabuwa mai cikakken sulke ta haura dala 3,000. Wanda ya riƙe irinta a wurin aiki ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa, don Allah.

Bakanike Na Zariya:
Wa alaikumus salam, Injiniya. Toughbook CF-19 ta Panasonic nake amfani da ita a gareji wajen duba lafiyar motoci. Ba ta da fanka kwata-kwata, jikinta ne ke fitar da zafi, don haka babu ƙofar da ƙura za ta bi. Baƙin mai ya taɓa ta, yara sun ture ta daga kan bonet, tana nan tana aiki. Sai dai allonta inci 10.1 ne kawai, kuma tsohuwa ce. Ni ta ishe ni. Kai da za ka buɗe taswira da zane, ina jin za ta yi maka ƙanƙanta.

Safiyo Bauchi:
Injiniya, kafin komai ka tambayi hasken allo. Mutane na ta maganar faɗuwa da ruwa, amma abin da ya fi wahalar da mu a fili shi ne ka buɗe kwamfuta da tsakar rana ka ga fuskarka kawai. Da nit ake auna hasken allo, laftof na ofis haskensa bai wuce nit 250 zuwa 300 ba. Toughbook CF-31 da muke fita da ita tana kaiwa 1,200, ana karanta lamba a tsaye cikin rana ba sai an lulluɓa rawani a ka ba. Ranar da na fara aiki da ita na gane yawan lokacin da muke ɓatawa wajen neman inuwa.

Abu na biyu, ka duba tana da tsohuwar kafar nan mai fil tara, RS-232. Yawancin na'urorin awo na da can da ita suke magana da kwamfuta. Akwai wayar da ke juya USB zuwa wannan kafa, amma na kasuwa da yawa sukan yanke ana tsakiyar kwashe bayanai, kuma ka san abin da hakan ke nufi bayan wunin aiki. Nauyi kam akwai shi, ta haura kilo uku da rabi. In mota za ta kai ka har wurin, babu damuwa. In kuwa za ka saɓa ta ka ratsa gona da ƙafa, kafaɗarka za ta ji.

Mai Gyara Kano:
Ni gyara nake yi, kuma irin waɗannan suna zuwa teburina, bari in ɗan tsawaita.

Kashi biyu ne. Akwai cikakkiyar mai sulke, kamar CF-31, CF-33, Getac B360 da Dell 7424. Akwai kuma rabi-da-rabi, kamar CF-54, FZ-55, Getac S410 da Dell 5420. A hoto duk suna da hannun ɗauka da roba a kusurwa, shi ya sa mai saye ke ruɗewa. Abin da zai raba maka su shi ne lambar IP. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP65, irin ta cikakkiyar mai sulke, na nufin ƙura ba ta shiga sam, kuma ta jure feshin ruwa. IP53 kuwa, irin ta rabi-da-rabi, ƙura na iya shiga kaɗan, ruwan ma yayyafi ne. Ga mai aiki a Yobe, wannan 6 ɗin ta farko ita ce abin nema.

Shi kuma MIL-STD-810 da ake bugawa a talla, tsarin gwaji ne na ma'aikatar tsaron Amurka, 810G na 2008, 810H na 2019. Babu wata hukuma da ke ba da shaidar cin sa. Kamfani ne ke zaɓar gwaje-gwajen da zai yi daga ciki, har siraran kwamfutocin ofis ma suna ɗauke da sunan. Don haka ka tambaya daga wane tsayi aka yar da ita a gwajin, ka ga an rubuta.

Yanzu ta hannu. Yawancin waɗanda ke shigowa daga 'yan sanda da kamfanonin waje suka fito, kuma kafin su sayar sukan zare faifan ajiya tare da akwatinsa. Wannan akwati na musamman ne, ba za ka samu a kowane shago ba. Na sha ganin mutum ya sayo da murna ya ce da araha ya samu, in buɗe gefe in tarar da rami. Ka sa a kunna a gabanka. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbatar babu makullin kalmar sirri a kai, domin cire shi a irin waɗannan injina babban aiki ne. A Toughbook nan cikin BIOS ɗin za ka ga jimlar awannin da ta yi tana aiki tun da aka ƙera ta. Sannan ka bi murafen kafofi ɗaya bayan ɗaya, ka latsa robar. In murfi ɗaya ya ɓalle ko roba ta bushe ta tsage, IP65 ɗin nan ta tashi, sunan kawai ya rage.

Hajiya Mai Ƙididdiga:
Malam Mai Gyara, Allah Ya saka. Amma ni ina da ja kaɗan. Muna tattara bayanan asibitocin karkara, kuma mun daɗe da kwamfutar ofis mai ƙwari, muka sa mata SSD, faifan ajiyar nan da ba ya juyawa, muka saya mata jaka mai soso, ana hure fankarta duk ƙarshen hunturu. Kuɗin mai sulke ɗaya zai saya mana irinta fiye da ɗaya. Ba kowa ne ke buƙatar sulke ba, kada matasa su ci bashi a kan abin da aikinsu bai nema ba.

Safiyo Bauchi:
Gaskiya ne Hajiya, in aikin a ƙarƙashin rufi ake yinsa. Ku kuna zaune a ɗaki ko a baranda. Shi Injiniya a fili yake, iska na kwaso yashi tana watsa masa.

Ɗan Agadas Mai Sola:
Sannunku. Daga Nijar nake, muna kafa faranti da famfunan sola a rijiyoyi. Abin da zafi ke fara ci a wurinmu batir ne. Jikin injin zai jure, amma batirin litiyam ba ya son a caja shi da zafin da ya wuce digiri 45, kuma mota a rufe a watan Mayu ta wuce haka nesa. Tawa ta hannu na saya a wurin wani ɗan kasuwa, ya rantse batir sabo ne, bai yi minti arba'in ba ya mutu. Sai da na jira wani ya zo mini da shi daga waje. Tun daga nan ba na barin ta a mota, kuma da dare nake caji. Injiniya, ka nemi mai ɗaukar batir biyu, wadda za ka zare ɗaya ka sa wani ba tare da ta mutu ba. Ka haɗa da cajar mota ta 12V tun ranar saye. 'Yan'uwana masu rubutu da Faransanci kuma su lura, na Amurka da madannai QWERTY na Turanci suke zuwa.

Mai Burtsatse (Damaturu):
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Hankalina ya karkata ga CF-31. Malam Mai Gyara, za ta ɗauki Windows 11?

Mai Gyara Kano:
A hukumance a'a. Windows 11 na neman Intel ƙarni na 8 zuwa sama da guntun tsaro TPM 2.0, ita kuwa CF-31 ta ƙarshe a ƙarni na 7 ta tsaya. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. In aikinta kawai karɓar bayanai daga na'urar awo, ba ta hawa intanet, ka saye ta hankali kwance, tsofaffin manhajojin awo ma sun fi zama lafiya a kanta. In kuwa da ita za ka riƙa aika rahoto da shiga banki, ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin Dell 7424 mai Intel ƙarni na 8 ko Getac B360. Ko wacce ka tsayar, ka roƙi mai shagon ya bar ka ka fita da ita bakin titi, ka buɗe allon a rana, ka zare caja, ka zauna da ita rabin awa kafin ka biya.